Godzilla: dodon da bam ya tasa daga barci

Da asubahin ranar 1 ga Maris, 1954, masunta 23 da ke cikin wani jirgin ruwa na katako a tsakiyar tekun Pasifik suka ga wani irin haske ya tashi daga yamma, ya rine sararin sama. Wani daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce rana ta fito ta yamma. Mu da muka tashi muna jin wannan magana a bakin malamai mun san nauyinta. Su kuwa ba su san abin da suka gani ba. Bayan 'yan mintuna sai ƙara ta iso, kamar ƙasa za ta tsage. Suna cikin janye ƙugiyoyinsu sai wata farar toka ta fara zubo musu kamar yayyafi, ta shiga gashi, ta shiga ido, ta rufe daɓen jirgin har sawu na fitowa a kanta. Wani matashi a cikinsu ya lasa don ya ji ko mene ne, ya ji ta ƙurus-ƙurus kamar yashi. Kafin dare sun fara amai.

Sunan jirgin Daigo Fukuryu Maru, kuma daga garin Yaizu na ƙasar Japan ya fito kamun kifin tuna. Abin da suka gani gwajin bam ɗin haidurojin ne da Amurka ta yi a tsibirin Bikini, cikin tsibiran Marshall. Masanan da suka haɗa bam ɗin sun yi lissafin zai tashi da ƙarfin megaton 6, sai ya tashi da 15, wato kusan ninki dubu na wanda aka jefa wa Hiroshima. Jirgin yana wajen iyakar da Amurka ta shata ta ce nan ne hatsari ya tsaya, amma iska ba ta san da wata iyaka ba. Tokar nan duwatsun tsibirin ne da bam ya niƙe, suka sha gubar nukiliya, suka tashi sama suka dawo.

Jirgin ya koma gida ranar 14 ga Maris da mutane fatarsu ta yi baƙi, gashinsu na zuba. Kafin a farga an riga an kai kifinsu kasuwa. Ƙasar ta ɗauka. Aka riƙa bin kifi a kasuwanni da na'urar auna tururin nukiliya, ana binne wanda ya gurɓata, masu sayar da kifi suka rasa ciniki a ƙasar da kifi ne cimarta ta yau da kullum. Matan aure a unguwar Suginami ta birnin Tokyo suka fara tara sa hannu na neman a hana makaman nukiliya, kuma kafin watan Agustan 1955 sun tara fiye da miliyan 30. Ranar 23 ga Satumba, 1954, mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu yana da shekara 40. Kwana 41 bayan rasuwarsa, ranar 3 ga Nuwamba, kamfanin Toho ya saki fim ɗin da Japanawa ke kira Gojira, duniya kuma ta san shi da Godzilla.

Ga yadda fim ɗin ya buɗe: ma'aikatan wani jirgin ruwa suna hutawa a kan daɓe, wani na kaɗa jita, sai haske ya ɓullo daga cikin teku, jirgi ya kama da wuta, mai rediyo yana ta aika saƙon neman agaji har ruwa ya ci su. Babu wanda ya zauna a silima a Japan a wannan shekara da yake buƙatar a yi masa bayani.

Ni dai, kamar yawancin sa'o'ina, ta bayan gida na shiga wannan labari. Na fara ganin wani ƙaton ƙadangare yana tsere tsakanin benayen New York, na ɗauka iyakar abin ke nan, fim ne na yara da masu son ganin gini na rushewa. Sai da na zauna na kalli na 1954, baƙi da fari, na gane cewa fim ɗin makoki ne. Tun daga ranar, duk wani sabon Godzilla da ya fito da tambaya ɗaya nake auna shi: ya yarda ya faɗi wanda ya tashi dodon daga barci, ko ya kau da kai?

Sai an san halin da Japan ke ciki a lokacin za a gane dalilin da ya sa aka bi ta kan dodo. Daga 1945 zuwa watan Afrilun 1952 ƙasar tana ƙarƙashin mamayar Amurka, kuma masu tace labarai na mamayar sun danne maganar abin da bam ya yi wa jikin mutane a Hiroshima da Nagasaki. Sai a watan Agustan 1952 mujallar Asahi Graph ta buga hotunan waɗanda suka ƙone, mutane da yawa kuma a ranar suka fara gani da idonsu. Ga kuma daren 9 zuwa 10 ga Maris, 1945, lokacin da jiragen Amurka suka yi wa Tokyo ruwan bama-baman wuta, mutum kusan 100,000 suka mutu a dare ɗaya. Waɗanda suka sayi tikitin Gojira, sama da miliyan 9, shekara tara kacal ke tsakaninsu da wannan dare. Bayan mamaya ma, Amurka ce ƙawa kuma mai tsaron ƙasar, ba a nuna ta da yatsa kai tsaye. Da aka rasa bakin faɗa, sai aka sa dodo ya faɗa.

Mutanen da suka yi fim ɗin yaƙi ya ratsa ta kansu. Darakta Ishiro Honda soja ne da ya yi shekaru a China, aka kama shi fursunan yaƙi, kuma a hanyarsa ta komawa gida a 1946 ya bi ta kufan Hiroshima. Eiji Tsuburaya, wanda ya gina ƙaramin birnin Tokyo da dodon ya tattake, ya goge ne a finafinan farfagandar yaƙi, har da na 1942 wanda ya kwaikwayi harin da Japan ta kai wa sansanin jiragen ruwan Amurka a Pearl Harbor. Furodusa Tomoyuki Tanaka kuwa ɗan kasuwa ne, kuma ba laifi a faɗi haka: wani fim da ya shirya yi da Indonesiya ne ya wargaje, ya ga yadda King Kong, fim ɗin ƙaton biri na 1933, ya sake kawo kuɗi da aka maido da shi silima a 1952, ya ce su ma su yi nasu. Sunan ma haɗi ne na kalmomi biyu na Japananci, gorira da kujira, wato goggon biri da kifin wale. Neman riba ne ya haɗu da ciwon da ke cin mutane a rai.

Ba su da kuɗi ko lokacin da za su motsa 'yar tsana kaɗan-kaɗan suna ɗauka kamar yadda aka yi King Kong. Sai suka ɗinka rigar roba mai nauyin kilo kusan 100, suka sa mutum a ciki, Haruo Nakajima. Yana leƙe ta 'yan ramuka a wuyan rigar, fitilu na gasa shi, ba ya iya wuce 'yan mintuna a ciki, in ya fito a tsiyaye gumi daga rigar. Wannan nauyi ne ya ba dodon tafiyarsa, a hankali, ba gaggawa, kamar abin da ya san babu mai tare shi. Kukansa kuma ba na wata dabba ba ne. Mai kiɗa Akira Ifukube ne ya sa aka shafa ƙaro a safar hannu ta fata, aka goga ta a kan tsirkiyar wani ƙaton goge na Turawa mai tsayin mutum, sannan aka rage gudun sautin. Abin da ya fito yana tsakanin ruri da kukan wanda ke jin ciwo. Fatarsa ma ba sulɓi gare ta ba irin na ƙadangare, kurzunu ne da kumburi, kuma masu sharhi da dama suna ganin tabon ƙunar mutanen Hiroshima a jikinta. Shi kansa dodon bam ya ƙona. Yana kwance a ƙarƙashin teku tun zamanin da, gwaji ya rusa masa makwanci, ya fito ɗauke da gubar da aka ɗura masa yana fesa wa mutane.

Akwai wurare uku a fim ɗin da ba sa fita daga raina. Na farko a jirgin ƙasa ne, wata mata tana hira da abokan tafiya, tana cewa ga gurɓataccen kifi, ga toka, yanzu kuma ga dodo, ita da ta sha da ƙyar a Nagasaki. Wani ya ce sai a sake komawa maɓoya, wani ya ce shi ya gaji. Hira ce ta mutanen da masifa ta zame musu jiki. Na biyu a unguwar Ginza, wuta ta kewaye ko'ina, wata uwa ta tsuguna a gindin bango ta rungume 'ya'yanta uku, tana ce musu su yi haƙuri, saura kaɗan su je wurin babansu. Ba a gaya mana inda baban yake ba, kowa ya sani. Na uku da gari ya waye, asibiti ya cika har ƙasa, likita ya kara na'ura a jikin wani yaro, na'urar ta hau ƙara, likitan ya kalli ma'aikaciyar da ke kusa da shi ya girgiza kai. Babu dodo a wannan hoton, amma a nan ne fim ɗin ya fi ban tsoro.

Har majalisa aka kai maganar. Masani Dakta Yamane ya kawo hujja cewa gwajin bam ne ya tayar da dodon, wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce a rufe zancen kada dangantaka da ƙasashen waje ta lalace, wata 'yar majalisa ta daka masa tsawa ta ce gaskiya sai an faɗe ta. A daidai lokacin, gwamnatin Japan ta gaske tana lallaɓa Amurka kan maganar masuntan, kuma a farkon 1955 aka rufe batun da dala miliyan 2, kuɗin jaje, ba tare da Amurka ta amsa laifi ba.

A tatsuniyoyinmu, in dodo ya tare hanya, jarumi ne ke zuwa ya sare kansa, gari ya yi guɗa. Labarin macijin rijiyar Kusugu ma da sarauta da aure ya ƙare. A Gojira wanda ya kashe dodon bai ci komai ba. Dakta Serizawa matashin masani ne da ya rasa ido ɗaya a yaƙi, ya gano wani sinadari da ke cinye iskar shaƙa a cikin ruwa ya narkar da duk mai rai. Ya ɓoye shi, domin ya san da zarar shugabanni sun gani za su mai da shi makami. Ya ƙi, ya ƙi, sai da ya ga 'yan mata 'yan makaranta a talabijin suna rera addu'ar zaman lafiya sannan ya sauko. Amma kafin ya tafi ya ƙone takardunsa duka, kuma da ya nutsa ƙarƙashin teku ya saki sinadarin, sai ya yanke igiyarsa da bututun numfashinsa, don kada wata rana a matsa masa ya faɗi sirrin. Ba a yi biki ba. Yamane ya tsaya a kan jirgi yana cewa muddin aka ci gaba da gwaje-gwajen nan, wani Godzilla zai sake fitowa a wani wuri. Shekara tara bayan masana sun miƙa wa 'yan siyasa bam, Japanawa suka ƙirƙiri masanin da ya gwammace kabari da ya miƙa nasa.

A 1956 'yan kasuwar fim na Amurka suka saye shi suka yi masa aski. Suka ɗauki sabbin fitowa da ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida Ba'amurke, suka cusa a ciki, suka yanke na asali da yawa, fim mai minti 96 ya koma 80. Matar Nagasaki ta ɓace. Rigimar majalisa ta ɓace. Gargaɗin Yamane na ƙarshe aka maye gurbinsa da muryar ɗan jaridar yana cewa barazana ta kau, duniya za ta iya ci gaba da rayuwa. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, wannan askakken ne ya kai sunan Godzilla ƙasashen duniya. Amma sai 2004 aka baza na asalin a silimomin Amurka, wato shekara 48 mutanen ƙasar da ta yi gwajin Bikini suna kallon dodon ba tare da jin ƙarar da ya shigar ba.

Japan ma ta sassauta da kanta. Tattalin arziki ya bunƙasa, yara suka zama masu sayen tikiti, a 1962 aka haɗa shi dambe da King Kong, daga 1964 ya koma mai kare duniya daga wasu dodanni, a 1967 har ɗa aka ba shi. Duk da haka jinin asali yakan motsa. A 1971, lokacin da cutar Minamata, wadda gubar da wata masana'anta ta zuba a teku ta haifar, da hayaƙin masana'antun Yokkaichi ke kwantar da mutane, abokin gabarsa dodo ne da ya tsiro daga dagwalon masana'antu. A 1984, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, jakadun Amurka da Tarayyar Sobiyet suka matsa a bar su su jefa wa dodon nukiliya a Tokyo, firaministan cikin fim ya ƙi.

Na 1998, wanda Roland Emmerich ya shirya a Hollywood, shi ne ƙadangaren da na fara gani. Ana yawan sukarsa da cewa dodon gudu yake yi, yana ɓuya, kuma 'yan rokoki suka gama da shi a kan gadar Brooklyn, har kamfanin Toho ya rage masa suna zuwa Zilla. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne mintunan farko: gwajin nukiliyar Faransa ne a tsibiran Polinesiya ya haifi dodon. Ba ƙarya suka yi wa Faransa ba, ta yi gwaje-gwaje a can daga 1966 zuwa 1996. Mu ma muna da namu tarihin da ita a wannan fage, domin bam ɗinta na farko a Reggane ta tayar da shi, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu, 1960, a lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙurar hamada zuwa ƙasashenmu. Bayan gwaji na uku, a watan Janairun 1961, gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas, Najeriya tana da wata uku da samun 'yanci. Tsoron toka daga sama ba baƙo ba ne ga iyayenmu. Amma fim ɗin Amurka ya tashi ya nemi mai laifi, ya tsallake Bikini ya je ya kamo Faransa, wannan laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Na 2014, na Gareth Edwards, ya fi kyau nesa ba kusa ba, ya maido wa dodon nauyinsa da kwarjininsa. Ya kuma ambaci Bikini da 1954. Sai dai ga yadda ya juya zancen: wai waɗannan fashe-fashe ba gwaji ba ne, yunƙuri ne na kashe Godzilla. Bam ɗin da ya zubo wa masunta 23 toka, ya kori mutanen tsibirin Rongelap daga gidajensu, ya zama ƙoƙarin ceton duniya. An ba wani masani Bajapane sunan Serizawa, an sa masa agogon mahaifinsa da ya tsaya cak a ƙarfe 8:15, lokacin da bam ya faɗa Hiroshima, ya nuna wa wani hafsan Amurka, shi ke nan aka wuce. A fim na gaba, na 2019, wannan Serizawa ɗin ne ya nutsa ƙarƙashin teku ya tayar da bam ɗin nukiliya da hannunsa don ya farfaɗo da Godzilla. Na farko ya mutu don ya binne makami, mai sunansa ya mutu yana nuna cewa makamin magani ne. Wannan ya yi mini zafi, kuma har yanzu yana yi.

Lokacin da Japanawa suka karɓe abinsu, masifa ce ta sake maido su. Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka kashe dubban mutane, tashar nukiliya ta Fukushima ta lalace. Fim ɗin da aka sa wa suna Shin Godzilla, na 2016, na Hideaki Anno da Shinji Higuchi, ya fara da wata halitta tana kutsowa ta wani kogi a Tokyo tana tura jiragen ruwa da motoci a gabanta, daidai yadda mutane suka ga ruwa ya yi a talabijin. Rabin fim ɗin kuma a ɗakunan taro yake. Ana taro don a shirya taro, ana neman dokar da ta ba da izinin harbi, ana kiran masana su ƙi cewa komai don gudun kunya. Firaminista ya fito cikin shuɗin kayan aikin agaji yana tabbatar wa jama'a cewa dabbar ba za ta iya hawowa tudu ba, yana cikin magana aka raɗa masa cewa ta hau. Duk wanda ya taɓa zama a bakin rediyo ruwa na cin gari yana jiran sanarwar hukuma zai gane wannan fim ba tare da fassara ba. A ƙarshe ƙananan ma'aikata da masanan da ba a damu da su ba ne suka daskarar da dodon, da motocin tura kankare, irin waɗanda aka yi amfani da su wajen zuba ruwa a Fukushima. Ba su kashe shi ba. Yana nan tsaye a tsakiyar birni, sai dai a zauna da shi.

Godzilla Minus One na 2023, na Takashi Yamazaki, ya koma baya zuwa ƙarshen yaƙi. Jaruminsa matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake ne da ya kasa kashe kansa, ya dawo gida maƙwabciya tana zaginsa don ya dawo da rai. A nan yatsa ya juya cikin gida: wani injiniya ya tsaya gaban tsoffin sojoji yana lissafa yadda ƙasarsu ta wulaƙanta ran 'ya'yanta, tankoki marasa kauri, sojoji na mutuwa da yunwa, jirage ba kujerar tsira. Na yi kuka a wurin da baƙin ruwan sama, irin wanda ya sauka a Hiroshima bayan bam, ya sauko wa jarumin a Ginza. Amma gaskiya ɗaya ce, in na zargi Hollywood da kau da kai, dole in faɗi na Japan. Daga 1954 har zuwa wannan fim, kusan kullum Japan ce wadda aka zalunta. Mutanen China da Koriya da Filifin, waɗanda sojojin Japan suka yi wa ta'asa, ba su da wuri a labarin. Wanda na sani ya tunkari wannan shi ne na 2001, na Shusuke Kaneko, inda aka ce dodon rayukan waɗanda yaƙin Pasifik ya ci ne suka taru a jikinsa, suna fushi da Japan don ta zaɓi mantuwa. A watan Maris na 2024 Minus One ya ci kyautar Oscar ta fasahar hoto, ta farko a tarihin Godzilla, a daren da fim ɗin Oppenheimer, labarin uban bam ɗin, ya ɗauki babbar kyauta. Wannan fim ɗin bai nuna Hiroshima ko Nagasaki daga ƙasa ba.

Shi kuwa jirgin masuntan, an canza masa suna, ya yi shekaru a matsayin jirgin koyar da ɗalibai, sannan aka yar da shi a bakin wata babbar bola a gaɓar Tokyo, wurin da ake kira Yumenoshima, wato tsibirin mafarki. A ƙarshen shekarun 1960 mutane suka gano shi yana ruɓewa cikin shara, suka yi ta kiraye-kiraye har aka ciro shi. Tun 1976 yana cikin wani zaure da aka gina masa a wurin, shiga kyauta ne, 'yan makaranta na zuwa suna zagaya shi, kuma a gefe an ajiye 'yar kwalba da ragowar tokar da ta zubo a ranar.